A Mayar Mini da Duhuna

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Gine-gine da Gyare-gyare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a nan Samaru. Sau uku ina kai takarda ofishinka, ko tari ba a yi mini ba, shi ya sa na fito fili.

Ranka ya daɗe, aikina auna yadda haske ke ratsa fata. Nakan sayo fatar akuya wajen wani mahauci a Sabon Gari, in yanka ta sala-sala: fata, kitse, tsoka. Sai in haska siririyar fitila, in auna hasken da kowane sala ya shanye, da wanda ya watsar, da ɗan abin da ya wuce. Ɗan abin nan bai kai hasken ashana ba. Saboda haka tun asali ɗakin awon ba shi da taga, bangonsa kuma baƙi ƙirin.

Na ɗaya: lokacin hutu ma'aikatanka suka zo gyara. Suka ga ɗakin kamar kabari, wai suka tausaya mini, suka fasa taga biyu, suka shafe bango da farin fenti. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na biyu: na rataya barguna, na liƙa kwalaye, duk a banza. Farin bango na mayar da kowane ɗigon haske cikin na'urar awo, awon yau ba ya kama da na jiya. Da na koka, aka yi mini dariya, wai kowa na kukan rashin wuta, ni ina kukan haske.

Na uku, wanda ban taɓa rubutawa ba: ciwon shawara ne ya kashe 'yata Hafsa tana da kwana tara. An duba ta aka ce lafiyarta ƙalau, domin baƙar fata na ɓoye launin ciwon. Don a riƙa ganin abin da ke ƙarƙashin fata irin tata na shiga wannan karatu. Wa'adina zai cika ƙarshen zangon nan, malamin da ke duba aikina kuma zai yi ritaya, babu magajinsa.

Roƙona a toshe tagogin, a mayar da baƙin fenti. Aikin birkila ɗaya ne. Amma gaskiya na fid da rai, har na ce wa mahaucin ya daina ajiye mini fata.

Allah ya raya maka zuri'arka, ya haskaka gabanka. Ni dai duhuna nake roƙo.

Wassalam.

Wadda har yau ake kira Maman Hafsa,
Hanwa, Zariya.