Baba Ya Ce Duba-Gari Ya Haifa

Assalamu alaikum masu karatu. Malam, ka sakaya sunana. Saboda Allah shawararku nake roƙo, amma kada wanda ya ce in yi haƙuri kawai, na sha jin wannan.

Ni likitan soja ne, kyaftin, mutumin ƙasar Kudan. Da aka samu mulkin kai Turawa suka fara naɗe kayansu, ana neman 'yan ƙasa su gaje su, sai shugabanmu ya kira ni ofis ya ce akwai kwas biyu a Ingila, ko tiyata ko kiwon lafiyar jama'a da rigakafi, in zaɓa. Ban nemi shawarar kowa ba na ɗauki rigakafi, don na gaji. Ƙaton soja ya zo da gudawa in yi masa magani, ya koma bariki ya sha ruwan da ya kwantar da shi, ya sake dawo mini. Ai ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Na je gida sallama, Baba ya tara dangi, har kawuna ya taso daga Makarfi da tsarabar mazarƙwaila. Baba ya ce in faɗa musu abin da za a koya mini, na ce duba rijiya, da salga, da kwata, da mahauta, da lambar agana. Kawu ne ya fara tuntsirewa da dariya, wai ashe mai anini uku a kafaɗa leƙen masai za shi koyowa a Ingila. Baba bai yi dariya ba, cewa ya yi duba-gari ya haifa ke nan. Kun san yadda aka tsani duba-gari a ƙauye, mu kuwa tamu ta fi, don akwai wanda ya taɓa faɗo mana gida ba sallama, ya tuntsurar da randar mahaifiyata a gaban maƙwabta wai da tsutsa, har aka kai Baba gaban alƙali.

To ni ma bakina bai mutu ba. Na ce rijiyar ƙofar gidanmu, wadda kakana ya haƙa sadaka unguwa ke ɗiba, tana maƙale da salgar masallaci, shi ya sa duk damina yara ke zubewa, kuma ruwanta ne ya tafi da 'yar Hajara, ƙanwata, bara. Baba ya miƙe tsaye, wai na ce ubansa ya haƙa wa jikoki kabari, alhali kwanan yarinya ne ya ƙare. Ya ce in na shiga jirgi don wannan karatu kada in ƙara taka zaurensa, ko gawarsa bai yarda in tsaya a kai ba. In kuwa na koma tiyata, albarka har ta yi mini yawa.

Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, wannan haƙƙinsa ne. Amma in janye maganar rijiya, sam! Na san ajali na Allah ne, shi ɗin ne kuma ya ba mu hankali. Ina ƙaunar tsohon nan, maganarsa ta ƙona mini rai, har yau abinci ba ya mini daɗi.

Da safe ina jiran mota Hajara ta iske ni da jaririnta a goye. Ta yi ƙasa da murya ta ce, Yaya, ruwan nan tafasa nawa zai yi kafin in ba shi? Ta ce a ɗaka za ta dinga dafawa kada a ce ta bi bayana.

Shugabanmu ya ce kujerar tiyata na nan, amsata yake jira. In na canza Baba zai sa mini albarka, rijiya kuwa tana nan, ga damina ta ƙarato. Ni dai zuciyata ta riga ta tafi wajen rigakafi. Abin da nake so ku gaya mini tsakani da Allah, a cikinku akwai wanda ya taɓa tafiya uba na fushi da shi a kan gaskiya, kuma ya gama lafiya?