Kada Ka Hawo Jirgin Ruwa

Ulhasnagar,
Afrilu 1967.

Zuwa ga yayana Hotchand, a Mombasa.

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya buɗa kasuwa. Mu nan ƙalau, sai ƙafar Kawu Tolaram da ba ta daina kumburi ba, shi kuma bakinsa bai daina aiki ba.

Yaya, maganar zuwanka gida ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce za ka hawo jirgin ruwa, ni kuwa roƙonka nake ka fasa. Ka san ni ba matsoraciya ba ce, amma yanzu tsoro nake ji.

Ranar bikin sabuwar shekararmu, Cheti Chand, rediyo ta faɗa cewa majalisar ƙasar nan ta sa harshenmu na Sindhi cikin harsunan tsarin mulki. Unguwa ta kacame da kiɗa, aka yi ta rabon shinkafa mai zaƙi. Kawu har da rawa da ƙafa ɗaya, wai yanzu ko gwamnati za ta zage mu sai ta zage mu da harshen uwarmu. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ka tuna tun da Baba ya rasu a jirgin da ya kwaso mu daga Karachi, ma'aikata suka jefa gawarsa teku ba a ƙona shi bisa al'adarmu ba, ba ta taɓa kai wa kogin nan sadakar shinkafa da sukari ba. Kullum cewa take ruwan ƙasar nan ba ya jin Sindhi, wa za ta yi wa magana? Ran nan ta sa na maimaita mata labarin, ta ce to, yanzu an gaya wa ruwan, ta ɗauki kwano.

Da rana tsaka na bi ta. Ta zuba sadakar, ta baza bakin mayafinta kamar yadda muke yi wajen addu'a, ta kira Baba. Ruwan da ke gabanta ya tsaya cik, sauran kogin yana wucewa. Sai na ji tana yi masa faɗa irin na da, wai kai dai ba ka canza ba, mutum ya yi ta jira kana can kana yawo. Ta kasa kunne, ta yi dariya har da rufe baki. Da muka dawo bakin mayafin a jiƙe yake, alhali bai taɓa ruwa ba. Na shanya shi a rana ya ƙi bushewa. Na ɗanɗana, gishiri ne, kogin nan kuwa ba shi da gishiri.

Kullum yanzu sai ta je. Jiya tana tsince shinkafa ta ce min Baba yana ta tambayar ka, wai ina yaron da aka ɓamɓare masa daga hannu. Kai ƙarami ne lokacin, amma na san ba ka manta da yatsunsa a wuyan hannunka ba. Da murnarta ta gaya masa kana tafe, kuma ta kansa za ka wuce. Wai ya ce zai tarye ka.

Ka gaida matarka Parpati da ƴaƴanka Gobind da Sundri. Kawu yana gaishe ka, Inna ma. Ka zo ta jirgin sama ko ka zauna inda kake. Kada ka rubuto ranar tasowarka, don Inna ba ta iya ɓoye wa Baba komai.

Ƙanwarka,
Dropadi