Kujerar Alhaji Isa

Alhamis da dare, Wad Haddad

Mun dawo daga asibitin Madani. Ƙarfen da aka sa mini a gwiwa shekarun baya ya kwance, yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Daktor ya ɗaga hoton gwiwar, ya ce ƙashin da ke riƙe da shi ya cinye, kamar gara ta shiga azara. Na ce, "To a cika da siminti mana, ni ma na taɓa gini." Bai yi dariya ba. Ya ce siminti ma sai ya sami bango. Za su ciro tsohon, su sa mai doguwar sanda har cikin ɓargo. In shi ma bai kama ba, sai su sandarar da ƙafar kamar taɓarya, halas, shi ke nan.

Ya tambaya ko ina salla a kujera yadda aka umarce ni. Ɗiyata Hawwa ta kalle ni, ni kuma na kalli rufi. Ina ni ina kujera? Ni na laƙaba wa Alhaji Isa suna "Mudir", wato shugaban ofis, ranar da ya fara kawo tasa masallaci, har ana sara masa a hanya. Bakina ya hana shi jam'i shekara biyu.

Labari ya kai masa. Bayan magariba sai ga Alhaji Isa da kansa, yana jan kujerar a ƙasa. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ga ofis, ya Mudir. Ni na saba salla a ɗaki. Kai je ka su sara maka."

Gobe Juma'a. Hawwa ta riga ta goge kujerar.