Fayafayan Baba Rwang

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Akwatin flash, sabuwar na'urar ajiyar bayanai, ya iso. Wahid, shugaban sashenmu, ya kira ni ta bidiyo yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Aikina in gwada shi wata guda, in rubuta rahoto, manya su yanke ko za a kwashe rumbun bayanan kamfani daga tsofaffin fayafayai a mayar kansa. Tsofaffin guda 480 ne a durowar ƙarfe shida, shekara goma sha ɗaya suna juyi ba hutu. Sabon kuwa ashirin da huɗu ne kacal, ba abin da ke motsi a cikinsu, duka akwatin bai kai jakar tafiyata ba.

Bayan mun gama na lissafa. Kalmomin da suka fita daga bakina yau ba su kai talatin ba, kuma duk Turanci. Sauran ranar ni da allo ne da ƙarar firiji.

Talata, 8 ga Oktoba

Faifai ya mutu a durowa ta uku. Alhamdulillahi. (Allah Ya yafe mini, wa ke murna da mutuwar faifai?)

Na hau jirgin DLR daga Stratford zuwa Docklands, inda ɗakin fayafayan yake, in sa hannu a canza shi. Baba Rwang na jirana da kofin shayinsa mai murfi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan ɗakin, wani kamfanin kwangila ne ya ajiye shi don fayafayan nan kawai: wanda ya mutu ya zare, ya sa sabo. Yana bin durowa yana ɗora tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi. Yau ya tsaya a ta biyar ya ce, "Wannan ba zai ga Kirsimeti ba." Kwamfuta ta ce lafiyarsa ƙalau. Na daina yi masa gardama tuntuni.

Shekara biyu ke nan da ƙofar durowa ta datse mini yatsa na ce wayyo Allah, sai na ji an ce "Sannu" a bayana. Na juyo na ga dattijo da furfura yana dariya. Shi Kirista ɗan Du, ni Musulma 'yar Gangare. A Jos ƙila har mu mutu ba wanda zai taka unguwar wani. A nan, duk faɗin London, shi kaɗai ke ce mini "Nimatu 'yata, kin ci abinci kuwa?"

Da ihu muke hira saboda ƙarar ɗakin. Minti arba'in yau, a kan farashin doya a Lewisham da gwiwarsa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban fita ba. Na kira gida, layi ya yi ta yankewa, Umma ta ce in bari sai gobe.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sakamakon farko. Tsohon yana ɗaukar kashi takwas cikin dubu na daƙiƙa kafin ya amsa tambaya ɗaya. Sabon bai kai rabin kashi ɗaya ba. Aikin ƙarshen wata da ke cin awa biyar da rabi, na sa shi, na je na ɗora ruwan taliya, na ci, na wanke kwano, na dawo ya gama. Minti talatin da takwas.

Ya kamata in ji daɗi. Wannan ne abin da na karanta, wannan ya kawo ni ƙasar nan.

Talata, 22 ga Oktoba

Gwajin wuta. Na roƙi Baba ya riƙa karanta mita safe da yamma yana rubutawa, don na fi yarda da idonsa. Ya kawo mini takardar da rubutunsa na tsofaffin 'yan mishan, kowace lamba a tsaye. Durowa shida: kilowat tara da ɗoriya, ban da abin da na'urar sanyaya ɗaki ke sha don ta huce su. Akwatin: ɗaya da ɗigo biyu.

Ya ce, "Wannan yaro ba ya cin abinci, ba ya gajiya, ba ya ciwo. Wa zai riƙe tsoho?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Sai a jirgi na tsaya na yi tunanin abin da tun ranar farko na sani. In babu fayafayan da ke mutuwa, babu mai canza su. Kwangilarsa Disamba take ƙarewa, kuma rahotona ne zai nuna ko akwai dalilin sabunta ta. Na ba mutum takarda da biro ya rubuta sallamarsa da hannunsa, safe da yamma.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na tambayi Wahid a fakaice. Ya ce wannan ba huruminmu ba ne, na kamfanin kwangila ne. Ya ce, "He'll be fine." Bai ma san da wane kunne Baba yake ji ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan in sanyi ya kawo kai. Ƙarfe biyar gari ya yi duhu.

Ƙarar ɗakin fayafayai nake tunawa. Injin niƙan mahaifina marigayi ne sak, idan an tsaya daga bakin layinmu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Akwai lungu a bayan durowa ta shida inda iska mai ɗumi ke fitowa, nan nake tsayawa lokacin sanyi in yi kamar ina duba waya.

Laraba, 30 ga Oktoba

Flash yana da aibi ɗaya da kowa a sana'ar nan ya sani: yana sabo, fanko, gudu yake kamar me. In ya cika, dole ya share wuri kafin ya rubuta sabo, sai ya fara jan ƙafa. Gwada shi a cike wajibi ne, ba ni na ƙirƙiro ba.

Na cika shi zuwa kashi saba'in, inda za mu zauna a gaskiya. Ya ɗan sauka, har yanzu ya ninka tsohon sau goma sha.

Na cika shi zuwa casa'in da bakwai. Na sa masa rubutu zalla, ba karatu, ba numfashi, awa tara. A awa ta bakwai ya durƙusa. Jinkirin ya haura kashi arba'in. Na zauna ina kallon layin jinkirin a allo yana hawa, zuciyata fes. Kamfaninmu ba zai taɓa yin irin wannan aikin ba ko da duk mutanen Ingila sun yi oda rana ɗaya. Na sani.

Na ɗauki hoton layin, na sa shi a shafin farko na rahoton.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na tura wa Wahid daftari. Fuskarsa ta sauya. Ya ce to ke nan a ɗage shawara zuwa baɗi, a ƙara wa tsofaffin shekara. Ya ce, "Good catch." Ya gode mini.

Ba ƙarya na yi ba. Kowace lamba da ke ciki gaskiya ce. Na rubuta wannan sau biyu yanzu, a nan da kuma a zuciyata, bai zauna ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Faifan durowa ta biyar ɗin ya mutu, kamar yadda Baba ya ce. Na je.

Bai tambaye ni ko na ci abinci ba. Ya canza faifan, ya rufe durowa, ya ce mu fita waje. Ba mu taɓa hira a waje ba. Muka tsaya a barandar da ake ajiye kwalaye, ƙarar ɗakin na biye da mu, nan ma sai da ɗaga murya.

Ya zaro takardar mita. Ya nuna mini Larabar makon jiya: safe ɗaya da ɗigo biyu, yamma kusan biyu. Ya ce ranar fankokin akwatin sun yi ta kuka har mai gadi ya leƙo. "Me kika ɗora masa?"

Na fara bayani, cika da sharewa da sauransu. Ya bar ni na gama tas.

"An ce an ɗage," in ji shi. "An ce ke kika gano matsala."

Na ce kwangilarsa. Na ce gwiwarsa, shekarunsa, wa zai ɗauke shi yanzu.

Ya ce, "Ina son aikin nan, kar ki ji na ce ba na so. Ban san abin da zan yi a Janairu ba. Amma ni na rubuta lambobin nan, ban ƙara ko ɗigo ba. Ke da kika yi karatu za ki ƙara?" Ya ninke takardar. Sai kuma ya ce, "Kuma 'yata, ba don ni kike yi ba."

Na ce to don wa.

"Tun bara aka ce a riƙa sa hannu ta kwamfuta, ba sai an zo ba. Ni ban tuna miki ba, ke ba ki tuna mini ba."

Na ɗauki jakata. A jirgi wata mata ta miƙo mini tishu ba ta dube ni ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Tsoho mai baƙin baki. Wa ya tambaye shi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gaskiya ya faɗa. Ba duka ba, ina tausayinsa da gaske. Amma da za a ce an ba shi aiki mafi kyau a Manchester gobe, da hoton nan zai ci gaba da zama a shafin farko. Kaɗaici ne ya sa ni, ba tausayi ba. Na rubuta, shi ke nan.

Ko lambar wayarsa ba ni da ita. Shekara biyu. In ina son magana da shi, sai faifai ya mutu.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na gyara rahoton. Hoton ya koma shafi na sha huɗu, da bayani a ƙasansa cewa wannan lodin ba namu ba ne, a kiyaye kar a cika akwatin ya wuce kashi tamanin. Shafin farko: ya fi sauri, kuma wutar da yake sha ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai ba. Na sa sunan Baba a matsayin wanda ya auna wutar.

Na gaya wa Wahid na ba gwajin da bai dace ba muhimmanci. Ya ɗan dube ni, ya ce to. Bai tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Manya sun amince, mun kwashe bayanan zuwa akwatin da safe. Ba abin da ya faɗi. 'Yan sashen oda sun turo saƙo wai ko an yi wa kwamfutocinsu allura.

Juma'a, 6 ga Disamba

An kashe tsofaffin bayan la'asar. Wahid ya ce ba sai na je ba. Na je.

Baba ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba a take suke tsayawa ba, sauti ne ke sauka a hankali har ya ɓace. Da ya kashe ta shida sai kunnuwana suka yi dim. Lungun nan nawa ya fara hucewa tun muna tsaye.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya juyo da kunnensa na dama. Ya ce, "Ashe muryarki 'yar ƙarama ce. Ni duk zatona masifaffiya ce ke." Shekara biyu muna ihu, yau muka fara jin muryar juna.

Na ce ya yafe mini. Ya ce wanne, rahoton farko ko na biyu? Na ce duka. Ya ce na farkon ne kawai laifi.

Ba a sabunta kwangilar ba. Ranar ashirin zai miƙa katinsa. Ya ce ya yi applying wurare uku, shiru tukuna.

Ya ba ni takardar mita ta ƙarshe, wai in ajiye a fayil. Sai a gida na ga bayanta. Adireshi a Lewisham da lambar waya, da rubutun nan nasa a tsaye: Mama Kaneng tana yin gwate duk Asabar. Ba sai wani abu ya lalace ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ruwa. Ban je ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Yajina ya ƙare, kuma na Stratford ba shi da kirki, shi ya sa na je Lewisham. Tunda na riga na je, gidan ba nisa.

Matarsa Mama Kaneng ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce mai korar mijina daga aiki? Shigo, cire takalmi." Ta ce naman daga shagon halal ta saya tun makon jiya, ta sa a firiza da ban zo ba. Ta shimfiɗa mini zani a ɗakin 'yarsu na yi la'asar. Baba na kan kujera da laptop yana faɗa da wani form, har yanzu ba a kira shi ko'ina ba. Na karɓa na gyara masa CV. Ya rubuta wai "canza faifai" kawai, shekara goma sha ɗaya a layi ɗaya. Mun yi gardama sosai a kan wannan.

Na manta ban sayi yajin ba. Sai wani satin.

Maƙogwarona na ciwo, murya ta dushe, rabona da yin magana haka har na manta. Sanyi ne, ina ji.