An Goge Tsakiyar Burtalinmu

Cadawa, Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya shanu da kiwo can arewa? Inna da kowa lafiya lau.

Ka san taswirar intanet da nake taimakawa tun gama jami'a, wadda kowa ke iya gyarawa. Da rani na bi burtalinmu da ƙafa daga Cadawa har Agiye, na zana shi a kanta. Shekaranjiya wani daga wata ƙasa ya goge tsakiyarsa, wai hoton tauraron ɗan'adam gero ya nuna, ba hanyar dabbobi ba. Gaskiya ne, bana an shuka har cikinsa. Na rubuta masa cewa burtalin ya riga geron, na maido shi. Jiya ya sake gogewa.

Damuwata, wannan taswirar za a buga don zaman manoma da makiyaya kafin a sakar wa dabbobi gonaki bayan girbi.

A sa ni cikin addu'a, a gaida Goggo.

Ban san ranar zaman ba. Ban san ko an riga an buga ta ba. Ban san ko duwatsun alamar burtalin da ka nuna mini suna nan ƙarƙashin geron ba. Kuma ban san ta inda za ku koro shanu gida ba.

Ɗanka,
Hamidu