Kumatun Dama Ko Na Hagu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe min da maigidanki da yara.

Ni dai alhamdulillahi, kada ku damu. Ina nan ina wanke-wanke a gidan abincin, barci ne kawai bai cika zuwa ba.

Na koma zane. Tun gobarar da ta tafi da 'yata da uwarta ban taɓa fensir ba, sai da maigadinmu ya matsa in zana shi. Da ya gani ya ce, "Kai, ko sanƙon ba ka rage min ba!" Yanzu duk wanda na zana sai ya fito sak.

Jiya na zauna zan zana 'yata. Yaya, na kasa. Na san idan ta yi dariya kumatunta ɗaya yana lotsawa, amma na manta na dama ne ko na hagu. Hotunanta duk sun ƙone.

Don Allah ki tambayi Inna a hankali, kada ta yi kuka. In ita ma ta manta, ki zaɓi ɗaya ki rubuto min, zan yarda.

Allah ya jiƙan su.

Ƙaninki