Jirgin da Aka Auna da Ƙuguna

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yarana duka. Ya jikin Mama, ƙafar ta saɓe? Ki gaishe min da 'yan guruf ɗinmu, ki ce musu akwai labari, amma ke zan fara ba. Tunda kin ce saƙon muryata yana cinye miki data, yau rubutawa zan yi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a boko.

Yaya, jirgin ruwa ake ƙerawa a tsakar gidana, wallahi ba wasa nake ba. Ina kwance ina kallon bidiyo sai na ga wani a cikin siririn kwalekwale na mutum ɗaya, kayak suke ce masa. Rami ne a tsakiya, ka zura ƙafafu ka zauna, ka riƙe filafili mai baki biyu, kana ta kamun kifinka. Na nuna wa maigidana Kafinta don mu yi dariya. Bawan Allah bai yi dariya ba, karɓe wayar ya yi yana maimaitawa har caji ya ƙare.

Kin san ya gaji da yin gado da wadirof, kullum abu ɗaya, ya dawo fuska a murtuke. To ya yi zanensa ya kai wa mai shagon kayan kamun kifi na hanyar tafki. Mai shago ya ce ya yi ɗaya a gwada. In ya yi kyau a ruwa zai ba shi rumfar bayan shago ya riƙa ƙerawa shi yana sayarwa, in bai yi ba kowa ya kama gabansa. Kuma ya ce sau ɗaya zai zo kallo, ba shi da lokacin wasan yara.

Ki zo ki ga aiki! Ya yanka falanki siriri ya huda gefe, ya ɗinke da zaren ƙarfe kamar tela, ya lulluɓe da wani ƙyalle mai kama da raga, ya bi shi da gam mai warin tsiya. Ƙurar katako har cikin kwanukana. Ni ce ma abin awon: ya zaunar da ni a ƙasa na miƙe ƙafa, ya zagaye ni da alli. Ya ce durowa mai kyau ba ta barin gibi, jirgi ma haka, in ramin ya yi faɗi ruwa ne zai shiga. Ban yi musu ba, yana aiki yana fito, rabon da in ji fitonsa har na manta.

Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Mama? Na ga kin buɗe sitatus ɗina kin yi shiru. To zauna ki ji, wadda kika gani a hoton nan ni ce.

Ranar gwaji muka ɗora jirgin a motar ɗaukar kaya, ya sha shuɗin fenti yana ƙyalli, har da wurin soke sandar fatsa da ɗan akwatin ƙugiya. Mai shago ya zo da masuncin da zai gwada, wani dattijo mai barkwanci da kowa ke ce wa Baba Tulu. Daga jin sunan kin san sauran. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu, da aka zo ƙugu sai abu ya tsaya cak. Aka danna, aka juya, ya riƙe numfashi, ina! Da ƙyar aka zaro shi, yana dariya yana tambaya ko don kaji aka yi jirgin. Kafinta ya ce bari shi ya shiga, gwiwoyinsa suka tokare. Mai shago ma ya gwada, bai wuce cinya ba.

Yaya, na kalli fuskar mijina, duk ta zube. Mai shago ya fara kaɗa makullin motarsa yana duba hanya. Kuma duk wajen ni kaɗai na san wa aka zagaye da alli.

Kin san ni da ruwa, ko kwata ce sai na zagaye. Amma ban san lokacin da na miƙa wa Kafinta jakata ba. Ya ce a'a, ba zai sa ni a abin da ba a gwada ba, ya haƙura da rumfar. Na ce shi ya ɗinke abin nan da hannunsa ina kallo, in bai yarda da gam ɗinsa ba ni na yarda. Baba Tulu ya sa min rigar hana nutsewa, ya ɗaura doguwar igiya a bayan jirgin ya naɗe a hannunsa, ya ce ko kifi ya haɗiye ni sai ya jawo mu tare. Na ɗaure mayafi a ƙugu na zura ƙafa. Suluf! Kamar durowa.

Da aka tura ni duk addu'ar da na iya sai da na karanta. Na yi ta juyawa wuri ɗaya kamar fanka, Baba yana ihu daga baki wai in sa dama in sa hagu, in daina dama ruwa kamar mai girki. Can sai abin ya miƙe. Yaya, shiru! Ba ka jin komai sai ruwa yana lasar katako. Baba ya ce in karkata gefe, na karkata, jirgi ya dawo daidai da kansa. Da na fito aka shafa ciki, ko ɗigo babu.

Mai shago ya ƙwanƙwasa jirgin ya ce zai zo gida. Kafaɗuna kamar an yi min duka.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Barka da war haka, da fatan kowa lafiya. Don Allah kar ki nuna wa Mama hoton tukuna, ki bari in kira ta da kaina.

Alhamdulillahi, mai shago ya zo, an ba mu rumfar! Sharaɗinsa a yi girma uku, kuma a bar gibi, Baba Tulu ya ce masunci yana son wurin juyawa ya ɗauko abu a bayansa. Kafinta ya yarda, amma yana ta gunaguni wai abin ba zai yi tsaf ba. Hali dai.

Ga abin da na zauna rubuta miki. Ina kicin ina haɗa musu shayi na ji mai shago yana cewa a ba shi shuɗin jirgin ya rataye a saman ƙofar shago, tunda ba mai iya shiga, duk mai wucewa ya gani ya san aikin waye. Kin san Kafinta, burinsa kenan a ga aikinsa a bakin titi. Sai ya ce a yi haƙuri zai yi masa wani na rataya, wannan yana da mai shi, kuma mai shi ta ce za ta koma tafki.

Ban taɓa ce masa haka ba fa, Yaya. Amma gaskiyarsa. Na tsaya riƙe da tire a bayan labule har shayin ya huce, sai da na sake ɗorawa.

Ke fa, maigidanki ya taɓa yi miki kyauta bisa kuskure? Ki ba ni labari, ki tambayi 'yan guruf su ma. In kin zo zan ba ki aro ki gwada, in kin shiga.

Taki,
Auta